ƘARFE MAI MAGANI A CIKIN ƘASHI: AMFANINSA DA ABIN LURA GAME DA SHI

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Mai'adua)



GABATARWA

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu wani lamari ne da ya faru a kan idona. Wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa karatu tun yana aji uku, ya girma ya zama magidanci yana sana'ar acaɓa. Wata ranar Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwarmu, motar shanu ta buge shi a kan hanyar Kwangwalam. Ƙashin ƙwabrinsa ya karye har ya huda fata ya fito waje. 'Yan'uwansa suka kai shi wurin mai ɗori, ya kwana tara a can. Da ƙafa ta fara wari aka garzaya da shi wani asibiti, aka yi masa tiyata aka sa masa ƙarfe. Bayan 'yan watanni wurin ya ɓulle yana zubar da mugunya, aka sake buɗewa aka cire ƙarfen, aka kankare ƙashin da ya mutu. Ya fi shekara ɗaya bai taka ƙafar ba. Babur ya tafi, bijiman noma biyu na gidansu suka bi baya.

Ana cikin wannan jinya sai yayansa ya zo mini da tambaya. Ya ce ya ji labarin akwai wani ƙarfe da Turawa suka ƙera wanda aka shafe da magani, ƙwayoyin cuta ba sa iya kama shi. Yana so ya sani, da an sa wa ƙaninsa irinsa tun farko, da ya tsira? Kuma shi wannan magani da za a binne a cikin jikin mutum, ba ya cutarwa? Na ɗauki tambayar na kai wa wasu daga cikin tsofaffin ɗalibaina da Allah ya ba aikin likita, na kuma karanta abin da suka ba ni. Abin da na fahimta shi ne zan gabatar muku yau, domin a garin da babura da manyan motoci da dabbobi ke haɗuwa a hanya ɗaya kowane mako, wannan tambaya ta shafi kowane gida.

YADDA AKA FARA SA ƘARFE A JIKIN ƘASHI

A zamanin da, ko a ƙasashen Turai, idan ƙashi ya karye ya huda fata, abin da likita ya fi yi shi ne yanke gaɓar, domin in an bar ta ruɓa ke kashe mai ita. A watan Agusta na shekarar 1865 aka kai wa wani likita mai suna Joseph Lister, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, wani yaro ɗan shekara 11 da amalanke ya taka masa ƙafa. Lister ya wanke raunin da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, ya rufe shi da ƙyalle mai tsabta. Bayan mako shida yaron ya tashi da ƙafarsa. Daga nan duniya ta gane cewa ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da rauni.

Da tsabta ta samu a ɗakin tiyata, sai likitoci suka sami ƙarfin halin sa ƙarfe a cikin jiki. A shekarar 1939 wani Bajamushe, Gerhard Küntscher, ya fara zura sandar ƙarfe a cikin ɓargon ƙashin cinya don ta riƙe karaya daga ciki. A 1962 kuma John Charnley na Ingila ya kyautata aikin canza gaɓar kwatangwalo da ta roba da ƙarfe. A nan ƙasarmu, an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, kuma har yau can ne mafi yawan mutanenmu ke nufa idan karaya ta yi tsanani. A Katsina ma akwai Asibitin Janar Amadi Rimi da ke wannan aiki.

Ƙarafan da ake sawa iri-iri ne. Akwai fallen ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen ƙashi da kusoshi masu zare. Akwai sandar da ake zurawa cikin ɓargo. Akwai wanda ake kafawa daga waje, kusoshinsa su ratsa fata su kama ƙashi. Akwai kuma gaɓar kwatangwalo ko ta gwiwa, wadda tsofaffi da masu cutar sikila suka fi bukata, domin sikila takan kashe kan ƙashin kwatangwalo tun mutum yana saurayi. Galibi ana ƙera su da ƙarfen da ba ya tsatsa ko da wani mai suna titaniyam.

DALILIN DA ƘWAYOYIN CUTA KE SON ƘARFE

Jikin ɗan Adam yana da dakarunsa a cikin jini masu yaƙar ƙwayoyin cuta. Duk inda jini ke zuwa, dakarun nan suna zuwa, maganin da aka sha ko aka yi allurarsa ma ta jini yake bi. To, shi ƙarfe ba shi da jijiya, jini ba ya ratsa shi. Idan ƙwayoyin cuta suka riga naman jiki isa kansa, sai su manne, su haifar da wani irin yauƙi su lulluɓe kansu da shi. Duk wanda ya taɓa wanke tsohuwar randa ya san yadda santsi ke kama cikinta, ruwa kawai ba ya fitar da shi sai an sa soso an dirje. Haka wannan yauƙi yake. A ƙarƙashinsa ƙwayoyin kan yi lamo, magani ya zo ya wuce, bayan watanni su sake tashi.

A shekarar 1957 wasu masana biyu a Landan, Elek da Conen, suka yi gwaji a kan mutanen da suka ba da kansu. Suka gano cewa sai an zuba ƙwayoyin cuta miliyan ɗaya ko fiye a ƙarƙashin fata kafin ƙurji ya fito, amma idan akwai ɗan zaren ɗinki a wurin, kimanin 100 kacal sun isa. Wato baƙon abu a cikin jiki mafaka ce ga cuta. A 1987 wani likitan Amurka, Anthony Gristina, ya kwatanta lamarin da tsere tsakanin naman jiki da ƙwayoyin cuta: wanda ya riga isa kan ƙarfen, shi ke mallakar wurin.

Lissafin likitoci ya nuna cewa idan karaya ba ta huda fata ba, mutum 1 ko 2 cikin 100 ne ƙarfensu ke kamuwa da cuta. Idan kuwa ƙashi ya fito waje, ƙasa da kashin dabbobi sun shiga raunin, adadin kan kai har mutum 30 cikin 100 a karaya mafi muni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

IRE-IREN SHAFEN DA AKE YI WA ƘARFE

Tunanin masana shi ne, tun da maganin da ke bin jini ba ya isa kan ƙarfe sosai, me zai hana a ɗora maganin a jikin ƙarfen kansa? Tun a 1970 wani likita a birnin Hambag na Jamus, Hans-Wilhelm Buchholz, ya fara cuɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta da simintin da ake liƙa gaɓar kwatangwalo da shi, kuma har yau ana bin wannan hanya. Daga baya aka fito da shafe iri huɗu da suka kai ga amfani a jikin marasa lafiya.

Na farko, azurfa. An daɗe da sanin azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. Ana dalaye manyan ƙarafa da ita, irin waɗanda ake sawa idan an yanke dogon ƙashi saboda ciwon daji. A wani bincike da aka buga a 2010 daga birnin Münster na Jamus, kashi 5.9 cikin 100 na masu ƙarfe mai azurfa ne suka kamu da cuta, su kuwa masu ƙarfe tsura kashi 17.6. A Bamingam ta Ingila, a 2015, an kwatanta mutum 85 da wasu 85, aka sami kashi 11.8 a masu azurfa, kashi 22.4 a marasa ita.

Na biyu, maganin jentamaisin, wanda malaman asibitinmu suka san allurarsa. Ana shafa shi a jikin sandar ƙashin ƙwabri tare da wani abu mai narkewa a hankali. Mafi yawan maganin yana fita ne a kwanakin farko bayan tiyata, lokacin da tseren da na ambata ya fi zafi. An amince da irin wannan sanda a Turai tun 2005.

Na uku, aidin, irin wanda ake shafa wa rauni. Likitocin Jami'ar Kanazawa ta ƙasar Jafan sun sami dabarar cusa shi a fatar titaniyam, kuma a 2012 suka ba da rahoton mutum 222 da aka sa wa irin wannan ƙarfe.

Na huɗu, wani abu mai kama da ƙaro da aka ƙirƙiro a Italiya, wanda likita ke kwaɓawa da magani ya shafa wa ƙarfen a ɗakin tiyata, ya narke cikin 'yan kwanaki.

SHIN BA SU DA ILLA?

A nan ne tambayar ɗan'uwanmu ta biyu take, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Abin da ke kashe ƙwayar cuta, idan ya yi yawa, yana iya taɓa naman jiki.

Mu fara da azurfa. A birnin Graz na ƙasar Ostiriya an bi diddigin mutum 32 masu ƙarfe mai azurfa, aka buga sakamakon a 2013. Bakwai daga cikinsu fatar da ke kan ƙarfen ta rine ta koma toka-toka mai shuɗi, saboda azurfar da ta taru a wurin. Ba a ga ta lalata musu ƙoda ko hanta ko jijiya ba, amma wannan ya tabbatar da cewa azurfar ba ta tsaya a jikin ƙarfe kawai ba. An kuma lura a ɗakin gwaji cewa azurfa mai yawa tana hana ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi yin aikinsu. Shi ya sa masu ƙera manyan ƙarafan nan sukan bar ɓangaren da zai shiga cikin ƙashi ba su dalaye shi ba. A shekarar 2000 an buga wani gwaji da aka yi a Italiya a kan kusoshin ƙarfen waje masu azurfa. Cutar ba ta ragu yadda aka sa rai ba, azurfa kuma ta ƙaru a jinin marasa lafiyar.

Akwai wani darasi daga wajen fannin ƙashi da ya kamata mu sani. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfanin Amurka ya fito da bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa da rufewa don jini ya wuce, ya shafe bakinsa da azurfa, ya sa masa suna Silzone. Niyyar mai kyau ce, kuma an sa wa mutane kimanin 36,000. Da aka yi babban gwaji sai aka gano yana yoyo ta gefe fiye da bawul ɗin da ba a shafe ba, domin naman zuciya bai kama shi da kyau ba. A watan Janairu na 2000 aka janye shi daga kasuwa. Wannan ya koya wa likitoci cewa kyan abu a ɗakin gwaji bai isa hujja ba, sai an ga yadda ya zauna a jikin mutane masu yawa, shekara da shekaru.

Shi kuwa jentamaisin, an san allurarsa idan ta yi yawa tana taɓa ƙoda, tana kuma rage ji. Wanda ke jikin sanda kaɗan ne, abin da ke shiga jini daga gare shi bai taka kara ya karya ba. Amma simintin da aka cika da magani mai yawa don jinyar ƙashin da ya riga ya kamu, an sha samun ya taɓa ƙodar wasu, musamman tsofaffi da masu ciwon sukari. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar maganin sam. Game da aidin, abin da aka ji tsoro shi ne halittar nan ta maƙogwaro wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo, domin ita ke tara aidin a jiki. A mutum 222 na Jafan ba a ga ta sami matsala ba.

Illar da ta fi damun masana ita ce bijirewar ƙwayoyin cuta. Idan magani ya ci gaba da tsattsafowa kaɗan-kaɗan, bai isa ya kashe su ba, sai su saba da shi, su haifi 'ya'yan da ba sa jin sa. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Idan ƙwayar da ta shiga rauni ta riga ta saba da jentamaisin, shafen da ke jikin sandar ba zai yi mata komai ba.

A taƙaice, binciken da aka yi ya nuna waɗannan ƙarafa suna taimaka wa masu babban haɗari, kuma illolin da aka gani a fannin ƙashi ba masu yawa ba ne. Sai dai mafi yawan gwaje-gwajen an yi su ne a kan mutane 'yan goma-goma ko 'yan ɗaruruwa, a asibitocin Turai da Jafan, inda mai karaya kan isa ɗakin tiyata a ranar da ya ji ciwo. Ga kuma tsada, domin sun fi ƙarfe tsura kuɗi nesa ba kusa ba. Saboda haka ko a can ba kowa ake sa wa ba, likita ne ke zaɓar wanda ya cancanta.

AMSAR DA NA BA ƊAN'UWANMU

Na gaya masa gaskiya, ko da yake ta yi masa ɗaci. Ƙaninsa ya kwana tara da rauni a buɗe, an naɗe shi da tsumma da kara. Kafin ya isa asibiti ƙwayoyin cuta sun riga sun ci tseren, sun shiga ɓargo. Shafen da ke jikin ƙarfe mai gadin ƙofa ne, aikinsa ya tare ɓarawon da ke son shiga. Wanda ya riga ya kwana a cikin ɗaki ya fi ƙarfinsa. Abin da zai fi ceton ƙafar ya fi wancan ƙarfe araha: allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin awa ta farko, allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, da wanke raunin a ɗakin tiyata a cire mataccen nama a ranar ko kashegari.

Ba na faɗin wannan don in ci mutuncin masu ɗori. Sana'a ce ta gado, sun yi wa iyayenmu da kakanninmu hidima tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Daura. Amma su kansu masu tsoron Allah daga cikinsu sun san iyakar aikinsu. Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kokawa kan yaran da ake kai musu hannu ya yi baƙi saboda ɗaurin da ya matse jijiya, har ya zama babu mafita sai yankewa.

SHAWARWARI

Na ɗaya, duk karayar da aka ga jini ko ƙashi a waje, a rufe ta da ƙyalle mai tsabta, a tallafe gaɓar, a nufi asibiti nan take. Kada a zuba toka, ƙasa, man birki ko garin magani a kai.

Na biyu, ina roƙon iyayenmu sarakuna su zauna da masu ɗori da ma'aikatan lafiya a yi yarjejeniya: karaya mai rauni, da ta cinya ko kwatangwalo ko gadon baya, da duk gaɓar da ta yi sanyi ko ta canza launi, a tura ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Na uku, matambayi ba ya ɓata. Idan za a sa wa naka ƙarfe, ka tambayi likita cikin ladabi: wane iri ne, wa ya ƙera shi, yana da rajistar hukumar NAFDAC? Idan an ce mai magani ne, wane magani? Ka sanar da shi idan mara lafiyar yana da ciwon ƙoda, ciwon sukari, sikila, matsalar ji, ko maganin da jikinsa ba ya karɓa. A nemi a rubuta sunan ƙarfen a katin asibiti, a adana katin. Kada kuma a sayi ƙarfe a hannun dillali a bakin ƙofar asibiti don ya ce nasa mai magani ne.

Na huɗu, bayan tiyata a kiyaye ranar komawa. Zazzaɓi, ja, kumburi, ko ruwa mai fita daga ɗinki, duk dalilai ne na komawa asibiti a ranar. Mai shan taba ya daina, domin tana jinkirta haɗuwar ƙashi.

Na biyar, mu daina shan kafso barkatai. Wanda ya sayi ƙwaya biyu a faifan mai talla a kasuwa don ciwon kai ko gajiya, yana horar da ƙwayoyin cuta ne, kuma ranar da ɗansa zai bukaci maganin a gadon asibiti zai tarar ya daina aiki.

Na shida, ina ba wannan ƙungiya shawarar ta buɗe ɗan asusun gaggawa, tare da ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa da 'yan kasuwar dabbobi, domin ɗaukar wanda ya yi haɗari zuwa Daura, Katsina ko Dala. Rashin kuɗin mota a daren farko shi ne ke kai mutane da yawa inda bai kamata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

KAMMALAWA

Ɗalibin nan nawa yana raye, alhamdu lillahi. Yana tafiya da ɗingishi, yana sayar da kayan miya a kasuwa, kuma shi ne ya ce in ba da labarinsa don wani ya amfana. Masana na ci gaba da bincike a kan ƙarfe mai magani, ina kuma fatan wata rana cikin 'ya'yanmu da ke makarantun Mai'adua za a sami waɗanda za su gwada shi a kan irin raunukanmu da irin ƙwayoyin cutar ƙasarmu. Kafin wannan rana, abin da ke hannunmu shi ne hanzarin zuwa asibiti, tsabta, da girmama magani.

Allah ya kiyaye mu daga haɗari, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.